Zakin Tagulla Na Kakan Dabo

Dabo ya wurgar da rigar a ƙasa, ya sa ƙafa ya take zakuna ukun da ke ƙirjinta.

Shekara goma sha ɗaya yana horar da ƙungiyar ƙwallon ƙauyensu, can arewa da Kunci, a wani fili tsakanin gonakin gero. Ga wasan ƙarshe jibi, sai Alhaji Basiru mai gwanjo ya kawo musu kyautar riguna daga Ɗambatta, kowacce ɗauke da tambarin Ingila.

Malam Yahya mai koyar da tarihi shi ya ƙara iza wutar. Ya ce sarakunan Ingila ne suka fara zana zakunan a garkuwa shekara ɗari takwas da suka wuce, don a san rundunar wa ke tafe, daga baya 'yan ƙwallonsu suka ara.

"Ƙasar da ko gurnanin zaki ba a ji!" in ji Dabo. "Sun kwashe mana kuza da gyaɗa, sun haɗa har da zaki, yanzu kuma mu tallata musu shi a ƙirji? Wallahi ba da ni ba."

Dabo zuciyarsa a kusa take, in ya hau ba ya jin kira. A gaban dagaci ya rantse: ko a cire tambarin a sa zakin gida, ko ya ajiye ƙungiyar har abada.

Zakin gida kuwa yana da shi. Kakansa ya bar wani ɗan zakin tagulla, ɗinke cikin fata kamar laya, kan kaɗai ke leƙowa, baƙi ƙirin don tsufa. A gidansu ana cewa maƙeri ya yi masa shi ranar da kakan ya kashe zaki a dajin yamma. Tun yana yaro Dabo ya lura in an ambaci kakan, sai dattawan ƙauye su yi shiru su sunkuyar da kai. Shi a ganinsa kwarjini ne.

Gwaggonsa Safara'u, wadda abin ke cikin adakarta, ta so ta hana shi.

"Ɗan nan, abin da aka ɗinke a bar shi a ɗinke."

Bai ko saurare ta ba. Haushi ya rufe masa ido, ya ɗauka ya fice.

Da hantsi jama'a suka cika ƙofar dagaci, tela na zaune da takarda zai kwafi surar. Dabo ya farke fatar da aska, ya shiga dirzar tagullar da tsamiya da toka, yana dirza yana zagin Turawa har jikokinsu. Baƙin ya fara fita. Sai ga zakin tsaye a kan wani kambi mai duwatsu irin na sarakunan Ingila, da lamba a ƙarƙashinsa, da 'yan zobba biyu a baya.

Baba Ikrima, tsohon da ya haura casa'in idonsa ya tafi, ya miƙo hannu. Ya daɗe yana shafa abin.

"Na san shi," ya ce. "A goshin hular kakanka yake, ranar da ya shigo gidanmu da bulala, Bature na bayansa, ya ɗaure babana da igiya aka tafi da shi haƙar kuza, bai dawo ba."