Abin da Rariya Ta Koya

Tun da aka ɗora wa kowace waya Rariya, mai tace saƙonnin banza, Lantana ba ta sake samun amsa daga ɗanta Sagiru ba. Ranar Laraba ta yafa mayafi ta nufi ofishin masu Rariyar.

"Yaro, abin nan naku bai san gaisuwa ba," ta ce wa ma'aikacin. "Da na fara 'ya gida, ya aiki', sai ya ɗauka talla nake."

Ma'aikacin ya duba allo, ko kai bai ɗago ba.

"Iya, Rariya ba ta zubar da kowa don ra'ayinta. Abin da mai waya ya saba sharewa, shi take koya."

Lantana ta gyara mayafinta.

"Amma dai yana karantawa kafin ya share?"

"Da can kenan, Iya. Yanzu an hutar da shi."