Ɗan Maƙeri da Ƙararrawar Makaranta

Ƙawata Baraka, jiya a gidan suna da kika ce tun da ɗanki Mudassir ya ji zancen komawa makaranta ya daina cin abinci, shiru na yi miki saboda idon mutane. Ga abin da na so in faɗa, ki karanta a tsanake.

An yi wani maƙeri mai ɗa guda. Yaron ba ya son taro, ba ya haɗa ido da mutane, kuma yadda aka yi abu jiya haka yake so a yi yau. Duk hutu a maƙera yake wuni yana jera lauje da fartanya bisa tsayinsu, ubansa na dukan ƙarfe daf da shi, ko gezau. Amma da an koma makaranta aka buga ƙararrawa, wato wani tsohon wilin mota da aka rataye a jikin darbejiya, sai ya toshe kunnuwa ya shige ƙarƙashin benci yana ihu, wata rana ma ya sheƙo gida ba takalmi. Malamai suka ce in ya sake a zango mai zuwa, sai dai a riƙe shi a gida. Dangi kowa da tasa. Wasu suka ce iskokai ne. Gwaggonsa ta ce wa uban, "Kai ka sangarta shi. Yaron da ya tashi cikin ƙarar guduma ne ƙararrawa za ta firgita? A zuba masa bulala biyu mu gani." Maƙerin bai ɗauki shawarar bulala ba, amma tambayar ta tsaya masa a rai. Washegari yana aiki yana satar kallon ɗansa, sai ya ga abin da shekara bakwai bai lura da shi ba. Duk sanda ya ɗaga guduma, yaron kan ɗago ido, ya ɗan ɗage kafaɗu, ya jira ta sauka, sannan ya koma kan wasansa. Ashe ƙarar maƙera yana ganin tahowarta. Ta makaranta kuwa ta bayansa take faɗo masa, ba sallama.

Saura kwana goma hutu ya ƙare, maƙerin ya je ya roƙi maigadin makarantar ya riƙa buɗe musu. Kullum da safe sai ya rufe maƙera, ya sa wa yaron kayan makaranta, su bi hanyar da zai riƙa bi. Ranar farko a bakin ƙofa suka tsaya suka juyo. Rana ta uku suka shiga aji ba kowa, yaron ya zauna ya ƙirga tagogi. Sai a ta biyar uban ya kai shi gindin darbejiya, ya ɗora hannunsa a kan wilin, ya ce, "Taɓa ka ji, ƙarfe ne irin na gidanmu." Ya miƙa masa sandar bugawa. Yaron ya ɗan ƙwanƙwasa, ya ja da baya, ya dawo ya ƙara, daga nan ya kai wa wilin duka da ƙarfinsa har tsuntsaye suka watse, ya fashe da dariya. Abu ɗaya uban ya roƙa wajen malamin ajin: a zaunar da ɗansa kusa da tagar da ke kallon bishiyar. Ranar da aka koma, yaron ya hango mai bugawa ya nufi darbejiya da sanda, ya ɗage kafaɗu, ya jira, ƙara ta tashi ta wuce, ya sunkuya kan littafinsa. Bai zama kamar sauran yara ba, har yanzu in an fita hutun ƙarfe tara shi kaɗai yake zama, wani lokaci ya dawo gida a gajiye ba ya son magana. Amma ya gama zangon a ajinsa, ya kuma iya rubuta sunan ubansa.

Ni ban ce na Mudassir ƙararrawa ce ba. Wataƙila sabuwar riga ce ke sukarsa a wuya, wataƙila an canja masa malami ba a gaya masa ba. Allah da ya halicce shi haka bai yi kuskure ba, mu ne sai mun sa ido mun gano, kuma tun da sauran kwanaki. Shi ya sa magabata suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na yi magana da Baba maigadin makarantar su Mudassir, ya yarda ya buɗe mana daga gobe, bakwai da rabi. Ki sa masa kayansa ku taho, ni ma zan zo da 'yata Zulfa'u. Sai dai don Allah, ban da maigidanki kada kowa ya ji. Kin san matan layinmu, jibi sai su cika makarantar, mu ja wa bawan Allah magana a wurin aikinsa.