Kyankyason Ustaz

Ustaz, malamin ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu a Jidda, yakan kwashe mu zuwa bayan gari neman halittun da suka zama dutse. Ni dai ƙaya kawai nake samowa. Don ya lallashe ni, sai ya ba ni aron wani ƙwaron dutse da ya tono a Tabuka, can arewacin Saudiyya, wai shi tirailobait. Ya ce in ya fashe, halas, shi ke nan, na bar ƙungiya.

Na ajiye shi a kan tabarma a ɗakinmu na unguwar Nuzla, na tafi ɗauko fensir in zana shi. Sai na ji tas! tas! Na dawo a guje na tarar da Umma a durƙushe tana jibgarsa da silifas.

"Ji kyankyaso da raini! Ko motsi bai yi ba!"

Na faɗa kansa ina ihu. "Umma, na Ustaz ne! Ya yi miliyoyin shekaru a ƙasar nan!"

Baba na kwance, dawowarsa ke nan daga layin sabunta iƙama, ƙafafu a kumbure. Iƙama ita ce takardar izinin zama, kuma baƙo ba ya samunta sai da kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa. Ya karɓi dutsen, ya shafa bayansa, ya dube shi da girmamawa.

"Miliyoyin shekaru? Alhaji, don Allah waye kafilinka?"

Umma ta yi dariya har silifas ɗin ya suɓuce mata.

Baba ya rasu a Jidda da iƙamarsa a aljihu. Yanzu ni ke tsayuwa a layin, kuma wani lokacin sai in ga mutane suna kallona, ina dariya ni kaɗai.