Matar da Aka Wanke a Bango

Tana yage kwalin ta tsaya cak. Littafinta na farko ne, kwafi ɗari biyar, gobe ƙaddamarwa. A bangon littafin, Baturen da ke cikin hoton da ta kawo yana nan yadda yake, amma matar da ke gefensa an wanke ta fara tas.

"Malam, wa ya ce ka taɓa mata fata?"

Mai buga littattafan bai ko ɗago daga injinsa ba. "Haka muke yi wa kowane littafin soyayya, 'yammata. Baƙa ba ta sayuwa. Tsakani da Allah, wane Bature ne zai tsallake mata ya ɗauki wannan?"

Shekara uku tana rubutun nan. Kamfani huɗu sun kore ta, gwaggonninta sun ce ta zubar da mutuncin gida, duk ta shanye.

"Ke da kike fara sol, me ya tsone miki ido?"

Ta ɓare bangon kwafin farko, ta ajiye masa a kan injin. Ta ɗauki na biyu.

"Baturen da ya ɗauke ta ubana ne, hoton aurensu ne. Gara gobe a sayar da littafin tsirara da a ga uwata haka."