Randar Toka

Ranar da ta fita takaba ta ci ɗamara, ta wangale garejin da motar maigidan ke kwana a ciki kafin kuɗin jinyarsa su cinye motar.

"Hajiya, ki daina wahalar da kanki," in ji ƙanin mijinta daga bakin ƙofa. "Damina ta kawo kai, ba iri, ba mai noma. A ba da gonar Ƙarfi haya kawai."

Gona kam ta riga ta haƙura da ita. Garejin take so ya zama shago, ko marayunta sa samu abin sawa a baki. Ta rataye garma da fartanyu a bango, ta linke buhunan da ɓeraye suka raga mata, ta jera katako ta ɗora injin feshi. Kafin la'asar saura randa ɗaya a lungu, an liƙe bakinta da laka.

Ta ɓalle lakar. Toka ce fal, tokar murhunta, wadda marigayi ya yi ta roƙonta ta tara masa tun yana iya jan ƙafa, ita kuwa ta ɗauka ruɗin ciwo ne. Takaici ya turnuƙe ta, ta hankaɗe randar.

Sai ga farin wake yana gangarowa daga cikin tokar, ko ƙwaya ɗaya ƙwaro bai huda ba. Iri ya ajiye mata.

Ta damƙo cike da tafinta, ta hure tokar, ta miƙe.

"Gobe ka nemo mini masu huɗa," ta ce wa ƙanin mijinta.