Ɗakin Kaka a Bayan Gida

Tunda na ji da kunnena kana cewa yara su rage zama wurin tsofaffi don ba abin da suke kwasowa sai surutu, zauna in ba ka misali.

An yi wani mai sayar da goro da Allah ya buɗa wa, ya bar ƙauye ya gina gida a birni. Ya ɗauko mahaifiyarsa, amma ɗakin da ya ba ta can bayan gida yake, jikin janareto. Tsohuwar ba ta damu ba, don jikoki sun san hanya. Da sun taso makaranta sai tabarmarta, tana ɓare musu gyaɗa tana ba su labarin wanda ya haifi wane. Babban cikinsu, maraya ne ta wajen uwa, shi take kira maigidanta. Ta ce, “Maigida, yau ma ba cefane?” Ya ce, “Ai na sake ki tun jiya, tsohuwa.” Ta yi dariya har da hawaye. Wannan ne fa duk abin da ya rage mata na daɗin duniya. Uban kuwa abin na ƙona masa rai: wai yara na dawowa da warin daddawa da maganar ƙauye. Ran da ya tarar tana ce wa yaron, “Kai ai uwa biyu gare ka,” bai bari ta ƙarasa ba. Ya kora yara cikin gida, ya ce tsufa ya fara taɓa ta, ya kafa doka kada su ƙara zuwa wurinta. Ta aika a kira shi, ya ce yana zuwa. Ta sake aikawa, ya aiko mata da lemo. Uwar da ta haife shi ke neman ya ara mata kunne, shi kuwa lemo! Haka ta zauna tana jiyo muryar jikokinta ta katanga, tana ɓare gyaɗar da ba mai ci, har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da take son faɗa ba tatsuniya ba ce. Lokacin da aka haifi yaron uban yana Kurmi wajen fatauci, uwar ta kwanta ciwo nononta ya ƙafe, sai matar maƙerin da ke maƙwabtaka ta haɗa shi da ’yarta ta shayar da su har ya yi ƙwari. Uwar ta rasu, matar maƙerin ma ta bi ta, aka ɗauki ’yar tata aka kai ta wani gari wurin kawunta. Yaro ya girma, ya haɗu da wata yarinya a wurin aiki, suka so juna. Uban ya yi bincike irin nasa: wane karatu ta yi, wace mota kawunta ke hawa. Aka ɗaura aure, aka haihu, aka sake haihuwa. Ranar sunan na biyu wata tsohuwar ungozoma ta zo daga ƙauye barka. Ita ce ta yi tambayar da ba wanda ya yi: mai jegon ’yar gidan wa ce? Da aka gaya mata sai ta ajiye kwanon hannunta ta yi salati. Aka kai magana gaban malamai, aka nemo shaidu, suka ce nono ɗaya suka sha, aure ba ya zama. Mutum biyu masu son juna, ba su yi laifin komai ba, aka raba su da jariri a hannu. Mai goron ya zagaya bayan gida ya tsaya ƙofar ɗakin nan. A lokacin buhunan goro ake ajiyewa a ciki.

To, ga ’ya’yanka, ga kakarsu tana da sauran numfashi. Hausawa dai sun ce in an ƙi ji, ba a ƙi gani ba.