Gaisuwar da Siddiq Ya Katse

Siddiq mai gyaran waya ne a Ƙofar Kwaya, kuma Allah ya yi shi ba shi da haƙurin gaisuwa. Ko dattijo ne ya tsaya a bakin shagonsa, kafin ya kai ga "ina gajiya", Siddiq ya tare shi da, "Lafiya lau, Baba, me ya samu wayar?" An yi masa faɗa har an gaji. Cewa yake mutanen Katsina a gaisuwa suke cinye rabin yininsu.

Wata Asabar bayan ɗaukewar damina, ya tayar da abokansa biyu su je yawon daji. Wani dutse ya gani a hoto, can nesa da gari, ya rantse sai sun hau shi sun ɗauki bidiyo. Nu'uman ne mai mota. Na ukunsu Sagir, tela a Ƙofar Durbi, amininsa tun suna firamare. Sagir bai so zuwa ba, don akwai ɗinkin suna a gabansa.

"Kai kullum kana kan keke kamar an ɗinke ku tare," in ji Siddiq. "Taso ƙafafun nan su ga wani aikin ban da taka feda."

Sagir ya yi dariya, ya rufe shago ya bi su.

Suka ajiye mota a wani ƙauye, suka kama hanyar ƙafa. Ciyawa ta kai musu ƙirji. Da suka yi nisa sai hanyar ta yi kwana ta nufi kudu, ga dutsen kuwa suna hangensa sak a gabansu. Siddiq ya ce ba mai sa shi zagaye, yanke za su yi ta cikin daji.

A daidai nan suka ci karo da wani tsoho ya ɗoro wa jakinsa itace. Ya tsayar da jakin.

"Sannunku da zuwa, samari. Ina kwananku?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya? Yaya mutanen birni? Kun baro su lahiya?"

Sagir ya rusuna yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Siddiq ya fizgi hannunsa. "Baba, rana na yi. In mun dawo ma ƙarasa."

Suka kutsa cikin ciyawa. Tsohon ya ɗaga murya, "Yaro, tsaya mana! Ƙayar nan da za ku..."

"Muna da takalma, Baba!" Siddiq ya faɗa ko waiwaye babu. Nu'uman ya bushe da dariya.

Mai karatu, ka san tarbiyyarmu. Mutumin kirki ba ya soma wa baƙo magana mai nauyi sai ya gama gaishe shi. Tsohon nan magana ce a bakinsa, gaisuwa kawai yake jira ta ƙare.

Sun yi tafiyar kamar rabin awa sai suka tarar da busasshiyar ƙayar magarya an jibge ta jeri guda. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙaya ba ta tara kanta. Hannu ne ya ajiye ta, kuma da dalili. Siddiq bai sani ba. Ya sa sanda ya ture ta gefe, ya buɗe hanya, ya ɗaga wayarsa.

"Bisimilla, ranka ya daɗe sarkin teloli. Wuce gaba in ɗauke ka."

Sagir ya gyara hula, ya yi taku uku. A na huɗu ciyawar ta buɗe, ya ɓace. Tsohuwar rijiya ce da ta ƙafe, yaɗo ya rufe bakinta.

Siddiq ya kwanta rub da ciki yana ƙwala kiran sunansa. Sai can ya ji nishi daga ƙasa. "Siddiq, ba na jin ƙafafuna."

Waya babu sabis. Nu'uman ya juya da gudu neman taimako, bai yi nisa ba ya haɗu da tsohon. Ashe ya sauke itacensa ya kwance igiyar, yana biye da sawunsu iyakar saurin da tsufa ya bar masa. Tsohon ne ya koma ya tattaro mutanen ƙauye. Sai la'asar aka fito da Sagir.

Tsohon bai zagi kowa ba. Ya dubi Siddiq ya ce, "Kufan garinmu ne nan. Rijiya ukku ke ciki, mu muka sa masu ƙaya. Abin da zan hwaɗa maku ke nan, ka ce in kun dawo."

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ya karye, Sagir ba zai sake takawa ba. Matarsa Ramla ta mayar wa masu suna da yadinsu, ta lulluɓe keken da tsohon zani.

Bidiyon yana nan a wayar Siddiq. Ya kasa kallo, ya kasa gogewa. Kullum da safe yakan je Ƙofar Durbi ya durƙusa a bakin katifar amininsa. Ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya iyali, ba ya tsallake ko ɗaya. Sagir yana fuskantar bango, yakan ce, "Lafiya."

Samari, in babba ya tsayar da ku, ku tsaya har ya kai ƙarshen maganarsa. Kuma kada ku bar hanya a dajin da ba ku sani ba sai kun tambayi masu shi. Mintin nan biyu da Siddiq ya ga sun yi masa yawa, ƙafafun amininsa ne a cikinsu.